Sa ido kan hanyoyin sadarwa na kwamfuta: Ta ina mai koyo zai fara?

Harkokin yau da kullum da dama a garuruwan kudancin jihar Jigawa da ke arewacin Najeriya, irin su Kiyako da Birnin Kudu da Gwaram, sun koma dogaro da hanyar sadarwa ta intanet, kama daga cirar kuɗi a wurin masu POS har zuwa rajistar jarrabawa da aika alƙaluman asibitoci zuwa ga hukumomi.

Sai dai a duk lokacin da aiki ya tsaya cik, amsa ɗaya ce ake bai wa jama'a, wato "babu netwok".

A ƙarƙashin wannan magana kuwa akwai matsaloli iri-iri, kowacce da inda take, da kuma wanda gyaranta ya rataya a wuyansa. Wanda bai iya bambance su ba yakan sayi sabuwar na'ura alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau, ko kuma ya ci gaba da biyan kamfani kuɗin wata-wata a kan layin da rabin yini ba ya aiki.

Akwai manhajojin kwamfuta na kyauta da aka rubuta musamman domin gano inda cikas yake. Wasu daga cikinsu sun haura shekara 20 ana amfani da su a jami'o'i da kamfanonin sadarwa na duniya. Abin da kan rikita mai koyo shi ne yawansu, da kuma rashin sanin wadda ya kamata ya soma taɓawa.

Mene ne sa ido kan hanyar sadarwa?

Da zarar an haɗa kwamfutoci biyu ko fiye domin su riƙa musayar bayanai, to an samu hanyar sadarwa ke nan. A makaranta ko asibiti ko shagon intanet, wayoyin kwamfutocin kan taru ne a wani akwati mai ramuka da ake kira suwic, daga nan su wuce zuwa rauta, wato na'urar da ke tsaye a bakin ƙofa tsakanin ginin da kamfanin da ke sayar da intanet.

Sa ido shi ne a ware kwamfuta guda a ba ta aikin gadi. Bayan kowane minti ɗaya ko minti biyar sai ta zagaya ta tambayi sauran na'urorin ko suna aiki, ta auna tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su amsa, ta kuma duba nauyin bayanan da suke ɗauke da shi.

Duk amsar da ta samu sai ta rubuta tare da rana da lokaci, ta mayar da ita zane mai hawa da sauka. Idan kuma wata na'ura ta yi shiru, sai ta aika wa mai kula saƙon gargaɗi.

Wannan rubutaccen tarihi shi ne ginshiƙin aikin baki ɗaya. Ma'aikacin jinyar da ke auna zafin jikin majinyaci safe da yamma yana rubutawa a kati, ya fi saurin gane lokacin da ciwo ya juya a kan wanda ba ya zuwa sai majinyaci ya galabaita. Haka lamarin yake ga na'urori.

Daga Kiyako zuwa bakin teku

Saƙon da aka tura daga Kiyako, wadda ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Birnin Kudu, yana da doguwar tafiya a gabansa. Zai fara hawa turken sadarwa mafi kusa, daga nan ya bi wayar faiba da ke binne a ƙasa, ko ya yi ta tsalle daga turke zuwa turke har ya isa manyan cibiyoyin kamfanin. Idan bayanan da ake nema suna ajiye ne a Turai ko Amurka, yawanci sai ya dangana da Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, inda akasarin wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka.

A wurare huɗu ne wannan tafiya kan katse.

Na farko shi ne wutar lantarki. Jihar Jigawa na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ne, tare da Kano da Katsina, kuma a watan Oktoban 2024 akasarin jihohin arewacin ƙasar sun shafe kwanaki a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Sau da yawa abin da ake kira rashin netwok, batirin da ke riƙe da rauta ne ya ƙare.

Na biyu shi ne kayan cikin gida: wayar da ɓera ya gaigaye, ko suwic ɗin da zafin bazara da ƙurar hunturu suka galabaitar, ko ramin rauta da tsawar damina ta ƙona.

Na uku yana hannun kamfani. Masu aikin hanya kan tsinke faiba, ɓarayi kan sace kayan turke, man janareta kan ƙare, sannan da yamma jama'a kan yi wa layi yawa. Lamarin ya kai ga a shekara ta 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan wani umarni da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Na huɗu kuwa ya fi ƙarfin kowa a yankin. A ranar 14 ga watan Maris na 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a tekun da ke daura da ƙasar Kwaddibuwa. Intanet ta raunana a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen yankin, harkokin wasu bankuna suka tsaya, kuma sai da aka ɗauki makonni ana gyara.

A idon mai amfani, duk huɗun kamarsu ɗaya: shafi ya ƙi buɗewa. Aikin mai sa ido shi ne ya faɗi wanne ne daga cikinsu, kuma tun ƙarfe nawa ya fara.

Buɗaɗɗiyar manhaja

Manhajojin da ake magana a kansu suna cikin rukunin da tushensu a buɗe yake. Ma'ana, waɗanda suka rubuta su sun bayyana rubutun da aka gina su da shi, sun kuma yarje wa kowa ya sauke, ya yi amfani, ya gyara, ya raba wa wasu.

Tsarin ya samo asali ne daga shirin GNU da Richard Stallman ya sanar a Amurka a 1983, ya kuma ƙara ƙarfi bayan da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux a 1991.

Ga ƙaramar makaranta ko asibiti a Najeriya, wannan batu ne na kuɗi. Manhajojin sa ido na kasuwa galibi da dala ake biyan lasisinsu, wasu ma bisa adadin na'urorin da ake lura da su, kuma tun bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk abin da ake saye da dala ya ƙara tsada.

Abin lura kuma shi ne, ɗaya daga cikin tsofaffin manhajojin nan an ƙirƙire ta ne a cikin yanayi mai kama da wanda ake fama da shi a karkarar Jigawa.

A 1994, Jami'ar De Montfort da ke birnin Lesta na Ingila tana da kwamfutoci fiye da 1,000, dukkansu a kan siririn layi guda mai gudun kilobit 64 a sakan. Babu halin faɗaɗa layin nan kusa. Sai wani ma'aikaci ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Tobias Oetiker ya rubuta 'yar ƙaramar manhaja da ke nuna wa kowa zanen cunkoson da ke kan layin. Ita ce ta zama MRTG, wadda ya saki ga duniya a 1995.

Manhajar ba ta ƙara wa layin gudu ko kaɗan ba. Amma ta sa kowa yana ganin halin da ake ciki da idonsa, kuma gani ya kori ji.

Matakin farko: Biro da takarda

Kafin mai koyo ya sauke kowace irin manhaja, sai ya zana taswirar wurin da yake kula da shi. Ya rubuta sunan kowace na'ura, da ɗakin da take, da wayar da ta haɗa ta da 'yar'uwarta, da inda take samun wuta, da kuma lambar adireshinta da ake kira IP.

Wanda bai san adadin dabbobin garkensa ba, ba zai gane ranar da ɗaya ta ɓata ba.

Daga nan sai ya koyi ping. Wannan umarni ne da ke zuwa a cikin Windows da Linux da macOS, ba ya buƙatar a sauke komai. Wani injiniya Ba'amurke, Mike Muuss, shi ya rubuta shi a watan Disamban 1983. Abin da yake yi shi ne ya jefa wa wata na'ura ɗan ƙullin bayani, ya jira ta mayar, sannan ya faɗi tsawon lokacin da zuwa da dawowar suka ɗauka. Ana ƙirga lokacin ne da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan.

Sirrin amfani da shi shi ne a bi hanya daki-daki, daga kusa zuwa nesa.

Alal misali, malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta zai fara gwada rautar makarantar. Idan ba ta amsa ba, matsalar tana cikin ginin, kuma kiran kamfani ɓata kati ne. Idan ta amsa, sai ya gwada wani sanannen adireshi na waje, kamar 8.8.8.8 na kamfanin Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Idan nan ne aka yi shiru, to cikas ɗin yana tsakanin ƙofar makarantar da waje.

Idan kuma lambar ta amsa amma sunayen shafuka sun ƙi buɗewa, akwai alamar cewa matsalar tana ga tsarin DNS ne, wanda ke fassara sunan shafi zuwa lamba, tamkar jerin sunaye a cikin wayar salula.

Umarni na biyu shi ne traceroute, wanda Van Jacobson ya rubuta a 1987, kuma a Windows ake kiransa tracert. Shi yakan jero zangon da saƙo ke yada wa ɗaya bayan ɗaya, ta yadda za a ga wurin da tafiyar ta yi nauyi ko ta tsaya.

Yana da kyau mai koyo ya san abin da lambobin ke nufi. Rautar da ke cikin gini ɗaya da shi, a kan waya, kamata ya yi ta amsa cikin 'yan milisakan kaɗan. Tsohon tsarin tauraron ɗan Adam na VSAT kan kai kimanin milisakan 600, saboda tauraron yana nisan kusan kilomita 36,000 daga doron ƙasa. Taurarin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, suna nisan kimanin kilomita 550 ne, don haka jinkirinsu bai kai ko kusa da haka ba.

Mataki na biyu: Ajiye tarihi

Illar ping ita ce, sai mutum yana zaune a gaban kwamfuta. Matsalar da ke zuwa ƙarfe biyu na dare, ko wadda kan zo ta wuce cikin minti uku, ba zai gan ta ba. A nan ne manhajojin sa ido ke karɓar aikin.

Mafi sauƙi ga mai koyo ita ce Uptime Kuma, wadda Louis Lam ya fitar a 2021. Ana sarrafa ta ne ta cikin shafi irin na intanet. Mutum zai rubuta adireshin abin da yake so a lura da shi, ita kuma ta riƙa dubawa duk bayan minti ɗaya, tana nuna kore idan lafiya, ja idan an samu matsala. Tana iya aika gargaɗi ta imel ko ta Telegram.

Sai kuma SmokePing, wadda ita ma Tobias Oetiker ne ya rubuta ta. A tsarinta na asali, takan jefa ƙulli 20 duk bayan minti biyar, ta zana layin da ke nuna matsakaicin jinkiri, da wata inuwa mai kama da hayaƙi da ke nuna yadda jinkirin ke tangal-tangal. Launin layin kan sauya idan wasu ƙullayen suka ɓace a hanya.

Wannan na da muhimmanci, domin akasarin koke-koken jama'a kan layin da ke raye ne amma yana ɗingishi. Layin da ke zubar da ƙulli biyar cikin 100 zai nuna cewa akwai sabis, amma kiran murya zai riƙa sarƙewa, shafuka kuma su riƙa jan ƙafa.

Wurare huɗu ko biyar sun wadatar a makon farko: rautar gida, da zango na farko na kamfani, da wani shafi da ke cikin Najeriya, da wani da ke ƙetare. Bayan kwana bakwai zanen zai fara magana da kansa. Idan kullum layin kan yi nauyi daga magariba zuwa ƙarfe goma na dare, alamar cunkoso ce. Idan komai kan ɗauke daidai lokacin da ake kashe janareta, batun wuta ne. Idan shafukan cikin gida na amsawa amma na ƙetare sun yi nauyi, to a duba can nesa.

Mataki na uku: Leƙa cikin na'ura

Ping na nuna cewa na'ura tana raye, amma ba ya faɗin abin da ke cikinta. Domin sanin wannan, ana amfani da wata ƙa'ida mai suna SNMP, wadda aka fara wallafawa a 1988. Galibin rautoci da suwic-suwic na ofis suna jin wannan yare, ko da yake ƙananan rautocin gida masu layin waya ba kasafai suke da shi ba.

Ta wannan hanya ake tambayar na'ura adadin bayanan da suka ratsa kowane rami nata, da zafin jikinta, da kuma tsawon lokacin da ta yi tun kunnawar ƙarshe. Wannan lamba ta ƙarshe takan tona asirin na'urar da ke mutuwa tana farfaɗowa ba tare da kowa ya lura ba.

Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa, kuma kowacce da inda ta fi ƙarfi.

Cacti, wadda Ian Berry ya fara a 2001, ta shahara wajen zane-zanen cunkoson layi.

LibreNMS, wadda ta ɓalle daga Observium a 2013, takan gano irin na'urar da kanta ta shirya zane-zanen da suka dace da ita, abin da ke rage wa mai koyo wahala sosai.

Nagios, wadda Ethan Galstad ya fara da sunan NetSaint a 1999 kafin a sauya mata suna a 2002, ta ƙware wajen gargaɗi. Sai dai da rubutu ake saita ta, don haka tana buƙatar haƙuri. Icinga ta fito ne daga jikinta a 2009.

Zabbix, wadda Alexei Vladishev ya fitar a 2001, kuma kamfaninta ke birnin Riga na ƙasar Latbiya, ta haɗa zane da gargaɗi a wuri ɗaya, tana kuma iya ɗaukar dubban na'urori.

Akwai kuma Prometheus, wadda aka fara a kamfanin SoundCloud a 2012, da Grafana ta 2014. Su ne ake yayi a manyan kamfanoni, amma mai lura da suwic biyu da rauta ɗaya zai iya jinkirta su.

Abin da ya fi dacewa shi ne a zaɓi guda ɗaya a zauna da ita har wata uku. Wanda ya girka biyar a mako guda yakan ƙare da sanin yadda ake girkawa kawai.

Cibiyoyin jarrabawa misali ne na inda wannan mataki ke da amfani. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma cibiya ɗaya kan ɗauki ɗalibai kimanin 250 a zama guda, dukkansu a haɗe da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke raba musu tambayoyi. Suwic guda da ya fara ciwo zai iya tsayar da layin ɗalibai sukutum. Alamun irin wannan ciwo, kamar yawan kurakurai a rami ɗaya ko hauhawar zafi, sau da yawa kan bayyana a zane kafin na'urar ta faɗi.

Kayan aiki

Ba a buƙatar sabuwar kwamfuta. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da aka sanya wa Linux, kamar Ubuntu ko Debian, ta isa. Tana ma da wata fa'ida a yankin da wuta ba ta zama: batirinta a jikinta yake. Ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, ita ma ta wadatar ga ƙananan wurare, kuma wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, ƙaramin sola da batiri sun riƙe ta.

Dole ne mai gadi ya fi waɗanda yake gadi jure rashin wuta. Idan kwamfutar sa ido tana mutuwa tare da sauran, tarihin zai kasance da giɓi daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Haka zalika, ya kamata a haɗa ta da waya maimakon Wi-Fi, domin kada rauninta ya shiga cikin awon. A kuma tabbatar agogonta daidai yake, tun da rahoton da lokacinsa ya karkace ba shi da amfani wajen kafa hujja.

Inda masu koyo kan yi tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yawan gargaɗi. Wanda ya saita manhaja ta aiko masa saƙo duk lokacin da ƙulli ɗaya ya ɓace, zai tashi da safe ya tarar da saƙonni 200, kuma cikin mako guda zai daina karantawa. Maganin shi ne a umarce ta ta jira sai gwaji uku ko fiye sun gaza a jere, a kuma keɓe gargaɗi ga abin da mutum zai tashi ya gyara.

Wani kuskuren shi ne tura gargaɗi ta kan layin da ake gadi. Idan layin ya mutu, saƙon da ke cewa ya mutu ba shi da hanyar fita. Layin waya na biyu, daga wani kamfani daban, kan warware wannan.

Sai batun tsaro. Na'urori da yawa kan zo da kalmar sirri ta SNMP da kowa ya sani, wato "public". Wajibi ne a sauya ta, kuma inda na'ura ta yarda, a yi amfani da zubi na uku na ƙa'idar, wanda ke iya ɓoye bayanai. Bai kamata kuma a bar shafin manhajar a buɗe ga duk wanda ke kan intanet ba.

Dalili shi ne, kwamfutar sa ido tana riƙe da taswira da makullan gidan gaba ɗaya. A watan Disamban 2020 aka gano cewa masu kutse sun cusa guba a cikin Orion, manhajar sa ido ta kamfanin SolarWinds na Amurka, inda abokan hulɗarsa kimanin 18,000 suka sauke gurɓataccen zubin, ciki har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Orion manhajar kasuwa ce, amma su ma buɗaɗɗun akan gano ɓaraka a jikinsu lokaci zuwa lokaci, don haka sabunta su yana cikin aikin.

Me doka ta ce?

Akwai wasu manhajojin da ke wuce auna lafiyar layi. Nmap na bincika na'urorin da ke kan hanyar sadarwa da ƙofofin da suka bari a buɗe. Wireshark, wadda Gerald Combs ya fara da sunan Ethereal a 1998, tana kama ƙullayen bayanai a kan hanya ta buɗe su.

Kayan aiki ne na halal a hannun mai kula da wurinsa. Amma dokar Najeriya ta yaƙi da laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ko tare saƙonninsa ba tare da izini ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora nauyi a kan duk wanda ke riƙe da bayanan mutane, kuma bayanan lafiyar majinyata suna cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kansu.

Saboda haka mai koyo ya tsaya a kan na'urorinsa, ko waɗanda shugaban wurin ya ba shi izini a rubuce.

Ina za a koya?

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, an kafa kamfanin sadarwa na Galaxy mallakar jihar, da kuma cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure. Daga baya aka samu Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da jami'ar jiha da ke Kafin Hausa, wadda ke ɗauke da sunan Sule Lamido.

A Birnin Kudu kanta akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya. Irin waɗannan wurare, tare da sakatariyoyin ƙananan hukumomi da makarantun sakandare, su ne ke buƙatar wanda zai kula da na'urori yana kusa, maimakon jiran injiniya daga Dutse ko Kano.

A matakin nahiya, ƙungiyar masu kula da hanyoyin sadarwa ta Afirka, AfNOG, ta fara shirya taron horaswa na shekara-shekara a 2000, kuma Abuja ce ta karɓi baƙuncin na 2007. Cibiyar NSRC da ke Jami'ar Oregon a Amurka ta daɗe tana horas da injiniyoyin jami'o'in Afirka a kan waɗannan manhajoji, kuma darussanta suna kan intanet kyauta.

Babban ƙalubale shi ne harshe, domin kusan duk littattafan jagora da Turanci suke. Na biyu kuma shi ne sanin Linux, wanda ke buƙatar mutum ya saba da rubuta umarni maimakon danna hotuna. Sai dai umarnin da ake buƙata a farko ba su da yawa, kuma da rarrafe yaro kan tashi.

Ribar da ke ciki

A watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Tun da kuɗi ya ƙaru, sanin abin da ake samu a madadinsa ya ƙara muhimmanci.

Lissafin mai sauƙi ne. Wata mai kwana 30 yana da sa'o'i 720. Kamfanin da ya yi alƙawarin cewa layinsa zai yi aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci, ya bai wa kansa damar ɗaukewa na sa'o'i 7 da minti 12 ne kacal a wata. Wanda ya ce kashi 99.9 kuwa, kimanin minti 43 ke gare shi.

Shugaban makarantar da ya je wa kamfani da cewa layi na yawan ɗaukewa, haƙuri kawai za a ba shi. Wanda kuma ya je da takardar da ke nuna ranaku da sa'o'in da layin ya mutu, tare da shaidar cewa rautarsa tana kunne a duk tsawon lokacin, yana da abin da zai nemi ragi da shi, ko ya kai ƙorafi ga NCC, ko ya yanke shawarar sauya kamfani.

Takardar kan iya nuna akasin haka, wato laifin na cikin gida ne. A nan ma an ci riba, domin kuɗin da za a kashe wajen sauya kamfani sai ya tafi ga sabon batiri ko sauya waya.

Ga matashin da ke Kiyako ko Gwaram kuma, wanda ke da tsohuwar kwamfuta da rauta guda, watanni uku na irin wannan zane, tare da bayanin abin da ya haddasa kowace tangarɗa, abu ne da zai iya ajiyewa a gaban mai ɗaukar ma'aikata a matsayin shaidar aikin da ya yi da hannunsa.